Kafaɗar Yunus da Takardar Kawu Mahamane

Ranar Asabar, takwas ga Nuwamba 2025, ina share ƙofar shago a nan Tamanrasset aka kira ni daga Damagaram. Aka ce, "Larai, sai haƙuri. Yunus ya faɗo daga igiya a wurin horon soja, Allah Ya karɓi abinSa." Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Yunus ƙanena, shekara biyu ke nan da kafaɗarka ta dama ta goce a In Amguel, kana sauke buhunan siminti daga kamyo. Aka yi maka aiki, aka sa ƙarfe. Wata uku ni ke sa maka riga, ni ke zuba maka ruwan alwala. Duk da haka da hannun hagu kake ɗebo wa tsohuwa Iklima maƙwabciyarmu ruwa, tun da ba ta gani sosai. In na yi faɗa sai ka ce, "Yaya, ai ɗayan lafiyarsa ƙalau."

Soja kake so tun kana ɗan makaranta a lekkol. Da ka koma gida wurin ɗaukar soja, likitan farko ya duba hoton ƙashinka, ya ce ka ɗaga hannu sama, hannun ya tsaya a kunne. Ya ce a'a. Ka dawo kwana huɗu ba ka ci abin kirki ba, ni kuwa a zuciyata godiya nake yi. Allah Ya saka wa wannan likita da alheri, ko sunansa ban sani ba.

Sai Kawu Mahamane ya shigo maganar. Kawu, da kai nake, kuma na san za a karanta maka. Kai ka ce ka san wani likita da zai rubuta cewa kafaɗar ta warke sarai. A gabanka na ce Yunus ba ya iya rataya buhun gero a ƙusa. Ka ce, "Mace me ta sani a harkar soja?" Ka samo takardar, ka zagaya kasuwa da ita kana nuna wa mutane ɗan 'yar'uwarka zai sa kaki. Wanda ya sa hannu bai taɓa ganin Yunus ba.

Ranar addu'ar uku ka zauna a tabarmar gaba kana cewa kwana ne ya ƙare. Na yarda kwana ya ƙare. Amma wanda ke bayan Yunus a layin hawan igiya ya faɗa mini hannun dama ne ya saki igiyar. Ban yafe ba tukuna, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba. Kada ka sake aiko mini da gaisuwa a bakin kowa.

Allah Ya jiƙan ka, Yunus, Ya yafe maka taurin kanka, Ya yalwata kabarinka. Ya ba Inna da matarka Khalida juriya, Ya raya cikin da ka bar mata. Amin.