Tukunyar da ta rasa suna a ofishin duwan

Mun tashi da asuba daga Dogon Dutsi, mu uku da raƙumi guda: ni, da Kawu ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi sojan Faransa ya dawo da ɗingishi, sai mai raƙumin, mutum maras yawan magana. Bazara ce, ƙasa ta gama gasuwa, idon kowa yana gabas ana jiran hadari. Mutanen unguwa sun ɗauka zare da allurar keke zan sayo a Argungu, tunda ɗinki ne sana'ata. To, har da su. Amma abin da ya tashe ni daban ne.

Damina biyu a jere kurkunu yana kwantar da gidanmu na ƙauye, can wajen Dogon Kiriya. Rijiya da nisa, da ruwa ya sauka sai kowa ya koma tafki. Bara ya kama Inna, mahaifiyata, a ƙafa biyu, ya kama yayana daidai noman farko, hatsi ya shaƙe cikin ciyawa. Na zauna ina kallon yadda ake naɗe tsutsar a tsinke kaɗan kaɗan, Inna tana cije gefen zane don kada jikoki su ji kukanta. Wani ma'aikacin likita da nake yi wa ɗinki ya ce mini a ruwa ake shan ciwon. Ya nuna mini matatar ruwa a gidansa, ya ce a kantunan ƙasar Ingilishi ta fi araha.

Muka bi kwarin dallol, tsohon gulbin da ya ƙafe, muka yi kudu. Duk wanda ya saba da jan dutsen garinmu, hanyar nan sanyin ido ce: gawo, goriba, nan da can giginya, ga rijiyoyi gajeru da guga ke taɓa ruwa tun igiya ba ta ƙare ba. Rairayi ne kawai matsala, yana cin ƙafa. A Tibiri muka tarar da kasuwa na ci. Hatsi ya yi tsada kamar kullum a ƙarshen rani, amma nono kusan kyauta, don Fulani sun cika kwarin da shanu. Wata tsohuwa ta dama mana fura, ta ƙara mana da kwaɗon zogale da ƙuli, da ta ji inda za mu sai ta ƙi karɓar kuɗin kwaɗon. Ta ce ita ma kurkunu ya ci mata damina guda tun tana amarya.

Daga nan muka karkata gabas muka ƙetare iyaka, wadda ban ga alamarta ba sai da mai raƙumi ya ce mun wuce. Mutanen can da na nan harshe ɗaya, zane ɗaya, sai dai su suna lissafi da sule da kwabo, mu da dala da tamma. Argungu kuwa garin ruwa ne. Na ci tuwon shinkafa da kifi har Kawu ya tambaye ni ko na manta hanyar gida. A wani kanti kusa da kasuwa na sami matatar. Tukwane biyu ne na farin ƙarfe, ɗaya bisa ɗaya, ta ƙasa da ɗan famfo. A cikin ta sama akwai wani farin sanda na gasasshen yumɓu, kamar kyandir mai kauri, shi ne ruwa ke ratsawa. Mai kantin ya ce in ya fashe, kwano kawai na saya. Kawu ya kwance rawaninsa ya naɗe sandan a ciki, ya sa a ƙirji, ya yi tafiyar komawa da hula kaɗai cikin rana.

A hanyar dawowa mai raƙumi ya yi magana mafi tsawo da na ji daga bakinsa. Ya ce ya san wata hanyar daji da ba ta bi ta ofishin duwan, inda ake biyan kuɗin fiton kaya. Kawu ya ce ba zai yi sanɗa a ƙasar da aka haife shi ba, kuma in gardi masu tsaron iyaka suka kama mu a daji, kayan za su tafi har abada. Muka bi ta ofis.

Ɗaki ne guda na ƙasa da rumfa, da tuta a gaba. Babban ma'aikacin mutumin Dahome ne, siriri, Hausarsa irin ta kasuwa. Zare da allura bai ɓata lokaci a kansu ba. Da muka haɗa matatar a gabansa sai ya zagaya ta, ya buɗe murfi, ya murɗa famfo, ya ɗauko wani littafi mai kauri na kuɗin fito. Ya bayyana mana cewa kowane kaya yana da layinsa a ciki, kowane layi da kuɗinsa, kuma ba ya iya yanke fito sai ya san sunan abu. Mataimakinsa ya ce ai kwano ne, a sa shi cikin kayan tasa. Shi ya ce kwano ba ya da famfo. Aka ce to na'ura ce. Fiton na'ura kuwa ya fi abin da ya rage a aljihuna nesa. Aka ce ko kayan asibiti ne, sai ya ce wannan yana buƙatar izinin likitan Doso. Layin kayan yumɓu ne mafi sauƙi, amma ga ƙarfe yana ƙyalli a gaban kowa.

Ya rufe littafin ya ce, "Malam tela, ka bar ta nan. In rubuta Doso, su rubuta Yamai. In amsa ta zo ka dawo."

Na kira shi yadda ake kiran ma'aikatan Faransa, na ce, "Mushe, yaushe amsar ka zuwa?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Wataƙila da kaka."

Da kaka an riga an sha tafki an gama. Na gaya masa halin da kurkunu ya sa Inna, sai Kawu ya gyara tsayuwa ya ce, "Mushe, ba ka san sunan mutum ba sai ka ga aikin da shi kai. Bari ta yi aikinta gabanka."

Ma'aikacin ya yarda. Aka ɗebo ruwa daga komin da ake shayar da shanu, ja wur, har da ƙasa a ciki, aka zuba a tukunyar sama. Muka zauna. Ban san abin yana da nawa haka ba. Ɗigo yake yi, ɗaya bayan ɗaya, muna jin sa yana faɗawa a ƙarfe. Rana ta take tsaka, matan Fulani masu tallan nono suka sauke ƙwarya suka tsaya kallo, wani mai jaki ya fasa tafiyarsa. Matar ma'aikacin ta aiko mana da garin rogo da mai da yaji, abincin ƙasarsu. Kawu ya ci ya ce ya fi na bariki. Ni idona yana kan tukunyar.

Bayan azahar ma'aikacin ya kawo kofin gilashi ya tara a famfo. Ruwa ya fito garau. Ya ɗaga shi sama ya duba, ya miƙa wa matan suka duba, ɗaya ta ce sai dai in sauya shi aka yi. Ya kurɓa, ya ɓata fuska ya ce yana ɗanɗanon alli, sannan ya shanye. Ya zaro farin sandan, wanda ya koma ja da laka, ya daɗe yana juya shi a hannu.

Ya ce wa mataimakinsa, "Ka cire wannan, mi ya rage?"

"Kwano."

"To, wannan ne ke aikin. Ƙarfen riga ce kawai. Rubuta yumɓu."

Ya gaya mini gaskiya cewa zai aika wa manyansa bayanin hukuncin da ya yanke, kuma mai yiwuwa su ce ya yi kuskure su ja masa kunne. Na ce in sun ce a ƙara, ya aiko Dogon Dutsi, zan kawo cikon da ƙafata. Ya ce ya ji. Na biya, ya ba ni takarda da hatimi. Muna ɗaure kaya matarsa ta leƙo ta tambayi wane kanti ne, don ɗansu ƙarami ba ya rabuwa da zawo tun da aka kawo su nan. Kawu ya kwatanta mata har da bishiyar da ke ƙofar.

Hadarin farko ya same mu tsakanin Tibiri da gida, iska da ƙura da yayyafi kaɗan. Ban tsaya buɗe shago ba, washegari na wuce ƙauye. Inna ta kalli matatar ta ce ita dai abin da ta sani, doguwa, aljanar tafki, ce ke harbin mutane, amma tunda ƙanenta ya yi tafiya ba rawani saboda abin, za ta sha. Ta sha ta ce ruwan ba shi da gardi. Ta ƙara kofi na biyu. Ruwan da matatar take tacewa ba zai ishi gidan duka ba, don haka Inna da kanta ta tsara: yara da matar yayana mai ciki tukuna, sai masu riƙe haiwa a gona, saura a tace musu da sabon ƙyalle kamar yadda ma'aikacin likita ya koya mini.

Ko kurkunu ya bar mu, sai baɗi za mu sani, don shekara yake yi a jiki kafin ya fito. Amma na dawo da godiya ga Allah da mutanen hanya. Da can na ɗauka mai riƙe da doka abu biyu ya iya, ya ƙwace ko ya sake. A rumfar nan na ga baƙo a ƙasarmu ya zauna rabin yini yana sauraren ɗigon ruwa, don kada ya yi wa dokarsa ƙarya, kada kuma ya mayar da tsohuwar da bai taɓa gani ba bakin tafki. Ban ko tambayi sunansa ba. Inna tana sa shi a addu'a, tana ce masa mutumin iyaka.