Telan da Ya Koya wa 'Yarsa Maraici

Kurman Tela ake ce masa a layin, ba don ba ya ji ba, sai don in ya sunkuya kan kekensa, ko gobara ake yi sai an dafa kafaɗarsa. Shagonsa ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin bene: madubi mai tsaga, benci, da ƙyallaye har idon sawu. A nan ya reni 'yarsa tilo bayan rasuwar uwarta. Cikin zare ta yi rarrafe, a kan teburin yanka ta yi karatu, shi kuwa Likita yake kiranta tun ba ta san akwai wata allura ban da tasa ba.

Da wata jami'a a ƙasar waje ta ɗauke ta, saura biza, sai yayansa mai kamfanin motoci ya kai su wurin wani ejan. Ejan ya ƙare wa Tela kallo tun daga hula har silifas.

"Malam, kar ka ji haushi," in ji shi. "'Yar tela ba ta burge kowa a wajen neman biza. Amma marainiyar da baffanta attajiri ya riƙe, wannan labari ne mai shiga rai."

"Ai ina raye," in ji Tela.

"Wa ya ce ka kwanta? A baki ne kawai."

Yayan ya kwashe da dariya har da buga cinya. "Kai da ma da kake rayen, wa ya sani?"

Tela ya amince. Kuma da yake shi ba ya sakin aiki da zare a waje, da kansa ya shirya ta. Kullum da la'asar sai ya zauna bayan teburin yanka, ya murtuke fuska kamar jami'in biza.

"Ina mahaifinki?"

Ranar farko ta fashe da kuka. Ya daka mata tsawa, abin da bai taɓa yi ba. "Kalle ni cikin ido ki faɗa."

A hankali bakinta ya saba. Wata rana har ta ƙara nata: "Ya rasu ina ƙarama, ko fuskarsa ba na tunawa." Tela ya ce madalla, ya tashi ya shiga neman almakashin da ke hannunsa.

Aka ba ta biza. Baffa ya tara abokansa a falonsa don taya murna, ejan kuma ya riga ya ja kunne cewa magana tana da ƙafa. Saboda haka da wani baƙo ya tambayi ko wane ne wancan na bakin ƙofa, Likita ce ta amsa: "Telanmu ne." Kafin a watse, matar Baffa ta miƙo masa wandunan yara a leda, ya rage musu tsawo.

Bayan ta tafi, da farko takan kira shi duk mako, daga baya sai ta hannun Baffa yake jin tana lafiya. Da lokacin bikin kammala karatunta ya zo, ya wanke babbar rigarsa ya koma wurin ejan, ya ce shi ma a nema masa izinin zuwa.

"A matsayin wa?" in ji ejan. "Mamaci ba ya neman biza. In ka motsa, ita ka tona wa asiri."

Baffa ne ya je, cikin sabuwar rigar da Tela ya ɗinka masa. Da ya dawo ya aiko da ita a dunƙule ta hannun direba, wai hammata ta matse shi, duk hotunan ya fito a takure. Tela ya shimfiɗa ta a kan tebur, ya duba, ya ga da gaskiyar Yaya. Ya ɗauki reza ya fara farke ɗinkin.