Ƙullin matar mai yasar rijiya

Shekarar da Nasara suka kwashe mazan ƙauyen zuwa aikin hanya na dole, mu muna zaune da shanunmu a bayan gari, yamma da Kiyeshe. Aron wuri aka ba mu. Maigari ya gindaya wa babana sharaɗi guda: mu sha rijiya, amma ran da dabbarmu ta ɓata ruwan, ran nan za mu naɗe bukkokinmu.

To, da hantsi cikin bazara, ina ban ruwa, maraƙina ya zame ya faɗa cikin rijiyar. Ina leƙawa na ji kukansa can ƙasa. Ruwan ya ja baya, iyakarsa ƙirjin maraƙin, amma in ya mutu a ciki, ruwa ya ɓaci, mu kuma mun tashi. Mai yasar rijiyar garin yana cikin waɗanda kumandan, baturen mulki, ya sa aka tafi da su. Saura tsofaffi da mata.

Ni kuwa lokacin jini na tafasa, ga taurin kai kamar na jaki. Na fizgi igiyar kaba, na yi mata zarge irin wanda muke kama saniya da shi, na zura a ƙarƙashin hammata. Tun ina yaye nake wannan ƙulli, ban san wani ba, ban kuma ga dalilin sanin wani ba.

Sai ga matar mai yasar, wata tsohuwa 'yar firit, ta aje tulunta.

"Kai ɗan Hillani, mi kaka yi? Wanga ƙulli na sa ne. Kai sa ne?"

Mata suka kwashe da dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Inna, igiya gadonmu ce. Ki bar ni."

"To, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Amma in ka shiga, ka riƙa magana. Kada bakinka shi mutu."

Aka ɗora igiya kan gungumen bakin rijiya, tsofaffi uku da mata suka riƙe, suka fara sako ni. Gaba ɗaya, gaba biyu, ina ta cika baki. A gaba ta huɗu igiya ta fara cin haƙarƙarina. Ashe zarge nauyi yake jira. Duk numfashin da na fitar, sai ta ƙara matsewa, ta hana shi komowa. Na buɗe baki in ce a ja ni, ko uffan. Wallahi na tsorata, na ga bakin rijiya yana ƙanƙancewa yana duhu.

Daga baya aka gaya mini, tsohuwar nan kunnenta na bakin rijiya. Da ta ji shiru sai ta daka musu tsawa: "Ku ja! Ya yi kurum, ku ja shi!"

Na farfaɗo a kan yashi, an sheƙa mini ruwa, ƙirjina duk ya sale. Kunya ta fi ciwon zafi. A ƙasa maraƙi na kuka, amma muryar ta fara dushewa.

Ba ta yi mini gori ba, abin da ya fi ba ni mamaki ke nan. Ta sa aka kawo guntun itacen gao mai kauri, ta ɗaure shi a bakin igiya don in zauna a kai. Ta zagaya ƙirjina da wata igiyar, ta murɗa, ta zura baki, ta komo da shi ta inda ya fito. Ta taka da ƙafa ta ja iya ƙarfinta, ƙulli ko gezau. Na miƙa hannu in gyara, ta make shi.

"Cire hannunka. Mu nan, mai shiga rijiya ba ya ɗaurin kainai. Wanda ka son shi komo shi ka ɗaure shi. Shekara talatin ni ka ɗaure malam."

Ta ba ni tsohon zane in rungumo cikin maraƙin da shi, da igiya ta uku. Na sake sauka, wannan karon ina waƙar kiwo da murya kamar ta kwaɗo, ina jin mata a sama suna dariya. Na naɗe maraƙi, aka ja shi, sannan aka ja ni.

Ya fito da rai, yana ɗingishi, ya nufi uwarsa. Maigari ya iso fuska a murtuke, yana duban rijiya yana dubanmu. Kafin ya buɗe baki, tsohuwa ta jefa guga, ta jawo, ta kafa kai ta sha, ta goge baki.

"Ruwa lahiya lau, maigari. Sai laka, ita ko ta kwanta."

Ba mu tashi ba. Nan na yi aure, nan na haifi 'ya'yana, kuma duk sun iya ƙullin.

Da na zo kwance igiyar daga ƙirjina ran nan, yatsuna suka kasa, don ta ɗaure da gaske. Ina ta fama sai maganarta ta faɗo mini. Shekara biyu muna bayan garin nan, ana kiranmu baƙi, ni ma baƙo na ɗauki kaina. Na tsaya da igiya a jiki, ƙato da ni, hawaye na zuba. Ashe a garin akwai mai son in komo.