Tsagar Kunnen Gidan Brumi

Matso ka zauna, in ba ka labarin Torfi, makiyayin tumaki a kwarinmu na arewacin Iceland.

Danginsu jikokin Brumi ne, wani ƙato na mutanen farko, autan ƙatti bakwai. An ce shi ne ƙaraminsu, har yayyensa suka hana shi duwatsu, suka bar masa tumaki. Da haƙori yake tsaga musu kunne don ya gane nasa: ɓalli biyu a dama, ɗaya a hagu. Tsagar nan ita ce gadon gidan, kuma mutum ɗaya ke riƙe ta. Da mahaifin su Torfi zai rasu, sai ya tsallake Torfi ya ba ƙanensa Hallur.

"Brumi ma auta ne," in ji tsohon.

Shekara shida maganar tana cin Torfi. Ga shi ya fi Hallur tsawo da faɗin kafaɗa, amma a majami'a Hallur ake kira ɗan Brumi, shi kuwa "wan Hallur".

Wata bazara, kafin a kora tumaki dutse su yi kiwon kansu, Torfi ya wasa wuƙa ya yi wa 'yan ragunansa talatin tsagar gidan. Matarsa Salvor ta ce, "Maigida, ka yi tunani kuwa?"

"Jinina ne. Riƙe min ƙafarsa kawai."

Da kaka aka sauko da tumakin kwarin duka cikin babban shinge, kowa na duba kunne yana jan nasa. Maƙwabta, da zuciya ɗaya, suka riƙa tura duk mai ɓalli biyu a dama cikin garken Hallur. Torfi na tsaye yana kallon ragunansa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya.

Hallur ya ƙirga, ya sosa ƙeya, ya zo ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, tumakina sun haihu a dutse ba ciki, ko kakanmu ne ya tashi da haƙoransa?"

"Rufe min baki, ɗan tsurut."

"To, na rufe. Amma ka faɗa gaban mutane naka ne, ka kwashi abinka. Hunturu na tafe."

Torfi ya dubi jama'a, ya dubi Salvor. Ya ce, "Duk mai wannan tsaga ta gidan Brumi ce." Ya juya ya tafi gida da tsofaffin tumakinsa kaɗai.

A hunturun nan, duk Lahadi sai Salvor ta tarar da kyafaffiyar cinyar rago a bakin ƙofa. Torfi yana ci, bai taɓa tambayar inda ta fito ba.

Kai da kake ji, da ka buɗe baki a shingen nan, ko da ka bi bayan Torfi?