Komawar Maigida Sahu

Akwatin da ya fi kowanne girma cikin kayanmu ranar da muka baro Kumasi, auduga ce a cikinsa, da bandeji, da tiyon roba, da kwalaben magani. A bakin iyaka ɗan duwan mai binciken kaya ya buɗe shi, ya ɗaga tiyon yana jujjuyawa, ya tambayi Maigida wannan wane irin fatauci ne. Maigida ya ce a da goro yake sayarwa, yanzu ya sake sana'a.

Mun daɗe a can, har Hausarmu ta soma ɗanɗanon zango. Sai ciwon daji ya kama shi a hanji. Likitoci suka yanke abin da ya yanku, suka buɗe masa wata 'yar ƙofa a gefen ciki ta hagu, ta nan bayan gida yake fita, ba sallama ba neman izini. Ba su ɓoye mana ba: ciwon ya yi nisa, abin da ya rage sai tsabta, da allurar rage zafi, da leƙa likita lokaci-lokaci. Ya ce ai wannan a gida ma ana yi. Burinsa ɗaya ne, ya sake tsayawa a sahun masallacin Juma'ar Matameye, inda mahaifinsa ya tsaya.

A jirgin ƙasa tsakanin Ikko da Kano ya sa na ɗauki alkawari ba wanda zai ji labarin ƙofar nan. Na ɗauka da zuciya ɗaya. Zaman birni ya mantar da mu irin garin da za mu.

Magani bai ba mu wuya yadda na ji tsoro ba. Takardar da aka ba mu a Kumasi da Ingilishi take, nan kuwa da Faransanci ake aiki; lokotoron Damagaram, wato likita, ya dube ta sama ya dube ta ƙasa, ya ce Maigida ya ɗaga riga kawai. Ya yaba ɗinkin, ya haɗa mu da malamin asibitin garinmu, wanda yake zuwa a keke ya yi allura. Sauran aikin nawa ne. Kullum da hantsi in dafa ruwa in bar shi ya huce, in wanke wurin yadda wata nas ta koya mini, in sa auduga, in ɗaura ɗamara. Maigida kuwa yana kwance yana ba ni umarni kamar shi ya ƙirƙiro aikin.

Masu dubiya su suka kusa ƙarasa ni. Kowa da ƙullinsa: sassaƙe, saiwa, jiƙo, har wata tsohuwa daga Yauri ta kawo abin da ta ce a sha da kunu, ciki ya wanke tas. Mu da muke lallashin cikin nan ya yi shiru. Ba a mai da magani, in karɓa da hannu biyu in yi godiya, in kai bayan rumbu.

Amma Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, mutumin da ya ratso ƙasashe don sahu yana salla a ɗaki. Na gaji na tambaye shi.

"Ke ba ki san komai ba," ya ce. "Alwalata ba ta tsayawa. Kuma in abin nan ya yi magana ina cikin sujada, in sa kaina ina?"

"To ka tambayi Liman mana. Ba tare kuka yi wasan ƙasa ba?"

"In tambaye shi in ce masa me?"

Raina ya ɓaci, na kuma ji tausayinsa, don na ga yadda wuyan rigarsa yake ƙara faɗi. Lokaci ba ya jiranmu, shi ma ya sani.

Audugar Kumasi ta ƙare, na koma tsummoki. Ga wanki kullum, ga shanya a bayan ɗaki. Ran nan yayarsa ta shigo da ƙunshi ta ajiye mini. Tsofaffin zannuwa ne masu laushi, an yayyanka su daidai faɗin da nake yankawa, ko ɗan yatsa bai ƙaru ba.

"Yaya, na mene ne?"

"Na ga kina son tsumma ne," ta ce, ta shiga zancen tsadar gero.

Nan na gane garin nan kaf ya sani, ƙila tun makon da na fara shanya. Ban gaya masa ba.

Ana nan sai ga Liman ya zo gaisuwa. Ina tsakar gida ina jin su. Bayan an gama tambayar jiki, Liman ya ce wai wani mutum ne can wajen Kance ya aiko masa da tambaya, yana da larurar da alwala ba ta zama masa. Ya ce ya duba, hukuncin mai uzuri a fili yake, ya yi alwalarsa ya shiga sahu, abin da ya fito bayan nan ba ruwansa.

Da ya tafi Maigida ya kira ni, fuska a sake. "Kin ji ikon Allah? Ashe akwai irina a Kance."

Na ce Allah Ya ba na Kance lafiya.

Ranar Alhamis bai ci komai ba sai kunu tsararo. Ranar Juma'a na yi masa ɗauri biyu, na turara babbar riga har sai da ya yi atishawa. Ya karɓi sanda ya fita a hankali. Ni kuwa na kasa zama, na share tsakar gidan da na riga na share.

Ya dawo ya zauna bakin gado bai cire hula ba.

"Ya yi magana," ya ce. "A sujadar farko. Da ƙarfi kuwa."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai na damana ya kama tari. Na haguna ya karɓa. Kafin mu ɗago, rabin sahu tari suke, tsofaffin banza, har da wanda ko mura ban taɓa ganin ya yi ba."

Ya yi dariya, yana riƙe da gefen cikin don kada ɗaurin ya kwance, sai kuma hawaye. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka shiga da shi tiyata.

"Tun yaushe suka sani?"

"Tun ban daɗe da fara shanya ba, ina ji."

Ya goge ido da hannun riga. Sannan ya ce in ɗora masa tuwo da miyar kuka, tun jiya yake jin yunwa, kuma mako mai zuwa ɗauri ɗaya ya isa.

Bai ƙara fashin Juma'a ba sai da ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, bayan an gama yankan gero. Waɗanda suka yi tarin nan su suka ɗauki makararsa.