Kunun Kanwa a Bokitin Fenti

A gidanmu na Gwale uwa ba ta kula 'yar fari. Ba ta kama sunanta, ba ta nuna ta damu da ita a gaban mutane. Haka na tashi na gani, haka na yi. Tawa 'yar farin tun tana goye "ke" nake ce mata, in tana nesa kuma "waccan". Da ta zo wankan gida a haihuwarta ta fari, yayar mijina, wadda muke ce wa Yaya, ita ce ta karɓi jegon. Ni nawa ido, daga bakin ƙofa.

Yaya ta iya kunun kanwa, wannan ba na musu. Inda take juye shi ne ya hana ni sukuni. Wani bokitin roba ne da aka gama fentin zaure aka bari, ta wanke shi da sabulu, wai murfinsa na riƙe zafi. Kunu na tafasa, daga kan wuta sai cikin bokiti. Da idona na ga gefensa ya yi laushi yana lanƙwashewa. Tana ɗaga murfi warin roba ya bugi hancina. Yarinya ta kurɓa ta yamutsa fuska, Yaya ta ce, "Shanye mana, shi ke kawo nono."

Nono! Wato abin da jaririn zai tsotsa ke nan. Raina ya ɓaci, na haɗiye, na koma ɗaki ina ta tsaki ni kaɗai.

Washegari da hantsi tsakar gida cike da 'yan barka, Yaya ta sauke tukunya ta jawo bokitin. Ban san lokacin da na isa wurin ba.

"Yaya, kada ki zuba a nan."

Ta ɗago ta dube ni. "Au! Ke? A kan 'yar fari? Ina kunyar ta tafi?"

Mata suka kwashe da dariya. Wata tsohuwa ta tafa hannu, ta ce lallai zamani ya zo.

"Mu da muke sha a roba mutuwa muka yi?" in ji Yaya.

Na ce, "Ni ba likita ba ce, ban san abin da yake yi a ciki ba. Amma don fenti aka yi shi, ba don cikin mai jego ba. Kuma hancina lafiyarsa ƙalau."

Na shiga ɗaki na sauko da babbar langar da ke kan kabad tun ta aurena, na ɗauraye, na juye kunun da kaina. Bokitin kuwa na sa wuƙa na huda gindinsa, kowa ma ya huta.

Yaya ta miƙe tsaye. "Wa ya sa ki? Ina ruwanki da ita?"

"'Yata ce," na ce. "Ni na haife ta."

Tunda dai kunyar ta riga ta zube, sai na juya wajen ɗakin mai jego, na ɗaga murya na kira ta, da sunanta na yanka.

Labule bai motsa ba. Na sake kira.

Ta ɗaga labule da jariri a kafaɗa, tana duba fuskokin mata ɗaya bayan ɗaya, tana neman wadda ta kira ta. Ba ta taɓa jin sunan nan a bakina ba. Da idonta ya sauka kaina da langa a hannu, sai ta sako ƙafa waje.

"Na'am, Inna," ta ce.