Pinyon Motar Hatsin Urafane

Ƴan samari, ku da kuke ganina yau da tumbi da furfura ina ba ku dariya a bakin garaji, ku sani na taɓa cin tuwon kaso, wato gidan yari, damina uku. Sunana ba zai amfane ku ba. Ni dai makanike ne a Tasawa, kuma a zamanina ko mota ta shekara a mace, in na yi mata tari sai ta tashi. To, na ɗan ƙara gishiri, amma na iya aiki.

Mu biyu muka koya a hannun Maigida Tanko, ni da Ma'azu. Na riga shi shiga da shekara biyu. Da aka yaye mu, rumfarsa na jikin tawa, zana ɗaya ta raba mu. Ma'azu ba ya surutu, ba ya wasa, in ya yi dariya sau ɗaya a wata sai mu ce an ga watan salla. Amma direbobi sai su wuce ni, su gaishe ni, su yi dariyar labarina, sannan su miƙa masa makulli. Wannan abu ya ci mini rai. Ko shayi na ji an ce nasa ya fi daɗi sai haushi ya kama ni.

Da ƙaramin abu na fara. A kawo mini mota, in cire ƙarfe mai lafiya, in wanke tsoho da man gazuwal in mayar. Duk abin da na cire, sabo ko tsoho, sai in buga masa ɗigo uku da ƙusa, kamar yadda na saba tun ina hannun Maigida Tanko, don kada ya ɓace cikin kayan maƙwabta. Na ce wa kaina fari ne ya jawo, kowa na neman na hatsi. Ƙarya nake. Ma'azu ma farin ya same shi, bai taɓa ƙusar kowa ba.

A shekarar da gero ya bushe tun bai yi kai ba, soja ke mulki, kuma ba sa wasa da hatsin taimako. Wata tsohuwar kamyo, babbar motar kaya da ke kai dawa Urafane, ta fara ƙara a gaban inji. Pinyo ne ya cinye, wato faifan nan mai haƙora da ke kan arbarakam, wanda sarƙa ke juyawa don bawul su buɗe su rufe a kan lokaci. Aka aiko da sabo daga Maraɗi. Wani sajan ya tsaya tsakanin rumfunanmu ya ce, "Wane ne Ma'azu? An ce shi ne gwanin garin nan."

Gwanin garin nan! A gabana! Na ji kamar an zuba mini ruwan batir a kunne.

Ranar Juma'a ce. Ta ramin zana na kalle shi ya cire radiyata, ya buɗe murfi, ya daidaita alamar sama da ta ƙasa, ya ɗora sabon pinyo, ya ja sarƙa, ya mayar da murfi ya ɗaure. Aka kira salla, ya wanke hannu ya leƙo. "Yaya, mu tahi?"

Na ce, "Yi gaba, cikina ke ciwo."

Liman na huɗuba, ni ina kwance murfi. Na cire sabon, na sa wani tsoho daga cikin tarkacena, wanda haƙoransa suka side kamar bakin kakata. Har alamar na daidaita tsaf, don ko cikin mugunta ba na son aiki ya fita a karkace. So nake motar ta yi tari a hanya, a ce gwani ya ji kunya. Iyakar abin da na hango ke nan.

Ta mutu cikin rairayi, rabin hanyar Urafane. Sarƙa ta tsallake, bawul suka daki fisto, inji ya tashi aiki. Kwana huɗu matan Urafane na zaune da ƙwarya a bakin kasuwa suna jiran dawa. Jandarmomi suka zo suka tafi da Ma'azu, wai ya sayar da sabo ya sa tsoho. Ina tsaye aka jefa shi mota. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ka duba mini iyali." Na ce to. Ina jin kunyar faɗa muku, amma sai na faɗa: ranar na ci tuwo da daɗi.

Kwana ashirin yana tsare. Sai kumandan jandarmomin ya sa aka kira Maigida Tanko ya duba injin a matsayin tsohon hannu. Da la'asar tsohon ya shigo rumfata, ya ajiye pinyon a cinyata, ya ɗora yatsa kan ɗigo uku.

"Wanga rubutun wa ne?"

Na ce, "Baba, ai ɗigo kowa na iya..."

"Rufe mini baki. Ni na koya maka riƙe guduma. Ka tahi da ƙafarka, ko in ja ka da kunne har gaban kumandan."

Na tafi da ƙafata, sabon pinyon a cikin buhu. Marin da na sha ranar, da ana tara shi da ya cika rumbu. Aka saki Ma'azu, aka rufe ni. A kaso na gane ba wanda ke dariyar labarin mutumin da ya tsayar da hatsin mayunwata. Ɓarayin awaki ma ƙin zama kusa da ni suka yi.

Da na fito ba mai ba ni ko facin taya. Na je wurin Ma'azu na durƙusa. Ya ce, "Tashi, Yaya, na yafe tun kana ciki. Ga kile da guduma can, kama mini aiki." Kun san abin da na fara ji? Haushi. Na ce a raina, kai, har yafiya ma ya fi ni iyawa! Nan na tabbatar ciwon hassada a jikina yake, na roƙi Allah ya raba ni da shi, kuma har gobe ina roƙo.

Saboda haka, yarana, ranar da aka yabi abokin aikinka ka ji haushi, kada ka tsaya leƙensa ta zana. Tashi ka zaga, ka ce ya nuna maka yadda yake yi. Kada ka ce ɗan abu kaɗan za ka yi masa, ba kai ke yanke iyakarsa ba. Ma'azu ya fito daga wancan tsaron kunnensa na hagu ba ya ji. Yau muna zaune rumfa ɗaya, kwano ɗaya, kuma duk lokacin da na buɗe baki zan ba shi dariya, sai ya juyo mini na dama.